Yadda Ake Raba Gaɓoɓin Kalmomin Sifaniyanci da Gano Inda Ƙarfin Murya Yake Sauka

Duk mai kallon ƙwallon Sifaniya a ƙasar Hausa ya saba cewa "Madirid", gaɓa uku. A bakin masu garin gaɓa biyu ce kawai, Ma-drid, kuma a kan ta biyun murya take sauka. Wancan "i" da muke cusawa tsakanin d da r gadon harshenmu ne, don gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa muke da burodi da fulawa da direba. A hira a gidan kallo wannan ba komai ba ne. Amma ga wanda ya ɗauki koyon Sifaniyanci da gaske, wasali ɗaya da ya ƙara yana rusa masa lissafi, saboda a wannan harshe daga ƙarshen kalma ake ƙirgo gaɓoɓi har a iso wadda za a danna.

Ladan wahalar kuwa babba ne. Rubutun Sifaniyanci ba ya ɓoye komai: kalmar da ba ka taɓa ji ba, in ka iya raba ta, rubutunta kaɗai zai gaya maka inda ƙarfinta yake, ba sai ka buɗe ƙamus ba. Ingilishi ba ya yi wa ɗalibi wannan alheri.

Kafin mu shiga, a gane abin da ake nufi da ƙarfin murya. Hausa tana bambance kalmomi da karin sauti da tsayin wasali, kamar gari na zama da gari na tuwo. Sifaniyanci ba ya aiki da ko ɗaya daga cikin biyun. Abin da yake yi shi ne fifita gaɓa ɗaya a kalma, a danna ta fiye da sauran, su kuma sauran a furta wasulansu sarai ba tare da an haɗiye su ba. A nan zan riƙa rubuta gaɓar da ake dannawa da manyan haruffa. PA-pa dankali ne, pa-PÁ baba ne. TÉR-mi-no iyaka ce ko wa'adi, ter-MI-no "ina gamawa", ter-mi-NÓ "ya gama". Haruffa iri ɗaya, ma'ana uku.

Mataki na ɗaya: fara da wasula

Wasulan biyar ne, a, e, i, o, u, kamar namu, sai dai babu dogo babu gajere. Kowace gaɓa tana da wasali a cikinta, kuma gaɓa tana iya zama wasali shi kaɗai: a-mi-go, o-jo. In wasulan kalma duk a warwatse suke, baƙi na raba su, to yawan wasula shi ne yawan gaɓoɓi: Bar-ce-lo-na huɗu, O-sa-su-na huɗu.

Akwai u da ba a ƙirgawa. A cikin que, qui, gue, gui rubutu kawai ake yi, ba a furta shi: queso (cuku) "ke-so" ne, guerra (yaƙi) "ge-rra" ne. In ana son a ji shi bayan g, sai a ɗora masa ɗigo biyu, kamar a pingüino da vergüenza. Harafin h kuma bebe ne ko'ina, sai a cikin ch.

Mataki na biyu: wasula biyu a jere

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne mafi yawan kurakurai suke fitowa. Wasulan sun kasu gida biyu. Masu ƙarfi su ne a, e, o, waɗanda ake buɗe baki sosai wajen furta su. Masu rauni su ne i da u.

In masu ƙarfi biyu suka haɗu, kowa gaɓarsa daban. Real gaɓa biyu ce, re-AL, haka te-A-tro, po-E-ta, le-ER (karantawa), ca-ER (faɗuwa). Villarreal kuma Vi-lla-rre-AL. Za ka ji wasu, musamman a Meziko, suna cewa "tiatro" in magana ta yi sauri, amma a ƙa'idar rubutu gaɓa uku ce.

In mai ƙarfi ya haɗu da mai rauni, kuma ba a kan mai raunin ƙarfin murya yake ba, sai su zama tagwan wasali, gaɓa ɗaya. Rabin wannan mun riga mun san shi, domin ai da au namu ne: AI-re (iska), CAU-sa (dalili). Sifaniyanci ya ƙara da ei, oi, eu: REI-na (sarauniya), Eu-RO-pa. Ɗaya rabin, inda mai rauni yake gaba, shi ne yake ruɗa mutane, alhali Bahaushe ya fi kowa dacewa da shi. Muna da kw da ky da gw a bakinmu tun yarinta. Cuando "kwan-do" ne, kamar kwandon da ka sani, gaɓa biyu. Quiero (ina so) "kye-ro" ne, farkonsa irin na kyauta. Agua (ruwa) "a-gwa" ne. Abin da ya rage shi ne a miƙa wannan dabara zuwa sauran baƙaƙe: bueno "bwe-no", tiene "tye-ne", puerta (ƙofa) "pwer-ta". Wanda ya ce "bu-we-no" ya mayar da kalmar gaɓa uku, kuma ya kauce.

Masu rauni biyu, iu ko ui, su ma gaɓa ɗaya ake ɗaukar su: ciu-DAD (birni), cui-DA-do (hattara), RUI-do (hayaniya).

To in mai ƙarfi ya haɗu da mai rauni, kuma a kan i ko u ɗin ƙarfin yake fa? Sai auren ya mutu, kowa ya kama gaɓarsa, kuma dole a ɗora ɗan karan da ake kira tilde a kan i ko u ɗin, ko da sauran ƙa'idoji ba su nemi haka ba: DÍ-a (yini), RÍ-o (kogi), pa-ÍS (ƙasa), ma-ÍZ (masara), Ra-ÚL. Dubi waɗannan sunaye biyu-biyu ka ga aikin ɗan karan: MA-rio gaɓa biyu, Ma-RÍ-a uku. Va-LEN-cia uku, Gar-CÍ-a ma uku, amma ƙarshensu ba ɗaya ba ne. Secretaria mace ce mai aikin sakatariya, secretaría ofishin ne. Hacia "wajen" ne, hacía "yana yi".

H da ke tsakanin wasula biyu ba ya raba su, ba ya haɗa su, a yi kamar ba ya nan. Shi ya sa prohibir take prohi-BIR, kuma shi ya sa búho (mujiya) take buƙatar tilde don a san BÚ-ho ce, gaɓa biyu.

Y a ƙarshen kalma sautin i ne, yana manne da wasalin gabansa: hoy, rey, muy duk gaɓa ɗaya ɗaya. A tsakanin wasula kuma baƙi ne: MA-yo, RE-yes. Wasula uku ma suna iya curewa wuri guda in mai ƙarfi yana tsakiya, kamar buey (sa) da U-ru-GUAY.

Mataki na uku: raba baƙaƙe

Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu na gaba yake bi: ca-sa, pe-lo-ta, Má-la-ga. Wannan daidai yake da Hausa, ba sai an tsaya ba. A tuna dai ch, ll da rr sauti ɗaya ɗaya ne, ba a tsaga su: mu-cha-cho, Se-vi-lla, pe-rro. Mu da muka saba raba baƙi mai nanatawa, kamar bab-ba da han-nu, hannunmu zai so ya rubuta "per-ro", kuma kuskure ne. Amma cc da nn ana raba su, don sauti biyu ne: ac-ción, in-na-to.

Baƙi biyu, a raba su, ɗaya baya ɗaya gaba: car-ta, al-to, Cór-do-ba, Sán-chez. Sai in na biyun l ne ko r, na farkon kuma p, b, f, c, g, ko kuma tr da dr. Waɗannan a manne suke, tare suke tafiya gaɓar gaba: li-bro, pa-dre, si-glo, ha-blar, o-tro, Ma-drid. Su ne kuma wuraren da harshen Bahaushe zai yi ta ƙoƙarin cusa wasali. Maganin da na fi yarda da shi shi ne a fara furta gaɓar ba tare da baƙin farko ba, "res, res, res", sannan a ɗora t a gaba ba tare da an saki numfashi a tsakani ba, tres. Haka "lan-co" kafin blanco, "ran-de" kafin grande.

Haɗin tl ne kawai masu harshen kansu suka rabu a kai. A mafi yawan Sifaniya At-lé-ti-co ake cewa, a Meziko da wurare da yawa na Latin Amurka A-tlé-ti-co. Duka biyun karɓaɓɓu ne, kuma ƙarfin bai motsa ba.

Baƙi uku ko huɗu, sai ka duba na ƙarshe biyun. In suna cikin masu mannewa, su tafi gaba, sauran su tsaya baya: hom-bre, com-prar, en-tra-da, cons-truir, abs-trac-to. In ba haka ba, na ƙarshe kaɗai zai tafi gaba: ins-tan-te, trans-por-te, pers-pec-ti-va.

Abu ɗaya da zai sauƙaƙa maka: s da wani baƙi ba sa fara gaɓa a Sifaniyanci. Koyaushe s baya take tsayawa: es-tar, his-to-ria, fies-ta. Shi ya sa suke da escuela da España da estadio, da e a gaba. Su ma ke nan suna da irin ciwonmu, sai dai su a goshin kalma suke sa maganin.

Mataki na huɗu: dubi harafin ƙarshe

Yanzu gaɓoɓi sun rabu. In babu tilde a kalmar, harafin ƙarshe ne alƙali.

In ta ƙare da wasali, ko n, ko s, ƙarfin yana kan gaɓa ta biyu daga ƙarshe: CA-sa, NO-che, LI-bro, CAR-men, RA-mos, HA-blan, Bar-ce-LO-na. Irin waɗannan ake kira llanas ko graves, kuma su ne mafi yawa a harshen.

In ta ƙare da kowane baƙi ban da n da s, ƙarfin yana kan gaɓar ƙarshe: pa-PEL, co-MER, re-LOJ, fe-LIZ, Va-lla-do-LID. Waɗannan su ne agudas. Y ta ƙarshe a nan baƙi ake lissafa ta, shi ya sa es-TOY da Pa-ra-GUAY ba su da tilde.

Me ya sa n da s suka bi sahun wasula? Saboda su ne haruffan da nahawu yake liƙawa a ƙeya: s don jam'i da mutum na biyu, n don "su" a aikatau. Casa ta zama casas, habla ta zama hablas da hablan, ƙarfin bai gusa ba. Da ba a ware su ba, da kusan kowane jam'i sai an ɗora masa kara.

Mataki na biyar: tilde yana soke hukunci

Duk kalmar da ta saɓa wa waɗannan ƙa'idoji biyu, sai a ɗora mata tilde a kan wasalin da ake dannawa. In ka gan shi, bar lissafi, danna nan.

Wadda ta ƙare da wasali, n ko s amma ƙarfinta na ƙarshe: ca-FÉ, o-ja-LÁ, Bo-go-TÁ, Pe-RÚ, can-CIÓN, An-DRÉS, Me-de-LLÍN. Wadda ta ƙare da wani baƙi amma ƙarfinta na biyun ƙarshe: ÁR-bol (bishiya), LÁ-piz (fensir), a-ZÚ-car (sukari), CÁ-diz. Nan ne sunayen dangi masu ƙarewa da ez suke: PÉ-rez, Gon-ZÁ-lez, Mar-TÍ-nez, Ro-DRÍ-guez. Garin Je-REZ kuwa ba shi da tilde, don shi ya bi ƙa'ida.

Wadda ƙarfinta ya kai gaɓa ta uku daga ƙarshe, esdrújula ke nan, kuma koyaushe tana da tilde, babu togiya: SÁ-ba-do (Asabar), MÉ-di-co (likita), te-LÉ-fo-no, PÁ-ja-ro (tsuntsu). SÁ-ba-na zanen gado ne, sa-BA-na filin ciyawa ne irin na Sahel.

In ƙarfin ya faɗa kan tagwan wasali kuma ana buƙatar tilde, a kan mai ƙarfin ake ɗora shi: tam-BIÉN, des-PUÉS, HUÉS-ped, Ber-na-BÉU. In masu rauni biyu ne, a kan na biyu: CUÍ-da-te. Kada a rikita wannan da tilde na día da país. Wanda ke kan a, e, o bai raba gaɓa ba, wanda ke kan i ko u kusa da mai ƙarfi shi ne ya raba.

Gargaɗi ga wanda ya yi makaranta da Faransanci, a Nijar ko Kamaru ko Chadi: é na Faransanci yana nuna irin sautin wasalin ne, na Sifaniyanci kuwa wuri kawai yake nunawa, e ɗin bai canza ba. Kuma al'adar danna ƙarshen kowace kalma ta Faransanci sai an yaƙe ta da gangan, in ba haka ba hablo (ina magana) za ta riƙa fita habló (ya yi magana), ka riƙa jingina wa wani maganarka. Karan kuma fuska ɗaya yake kallo koyaushe, babu è babu ê. Lanƙwasar da ke kan ñ ba ta da alaƙa da ƙarfin murya, harafi ne mai zaman kansa, sautinsa "ny". Manyan haruffa ma ana ɗora musu tilde: África, Ángel.

Mataki na shida: in kalma ta ƙaru, sake lissafi

Ƙarfin murya yakan zauna a gaɓarsa, tilde ne yake zuwa yana tafiya gwargwadon sabon tsayin kalmar. Can-CIÓN ta zama can-CIO-nes, karan ya faɗi, don yanzu ta ƙare da s kuma ƙarfin na biyun ƙarshe ne. E-XA-men ba ta da kara, e-XÁ-me-nes ta samu, don ƙarfin ya zama na uku daga ƙarshe. Haka JO-ven da JÓ-ve-nes. In-GLÉS ta zama in-GLE-ses. Kalmomin da ƙarfinsu yake gusawa a jam'i ƙalilan ne, a haddace su kawai: carácter da caracteres, régimen da regímenes, espécimen da especímenes.

Haka abin yake in an liƙa wakilin suna a ƙeyar aikatau: DA (ba da), DA-me (ba ni), DÁ-me-lo (ba ni shi). Ta nan ne ƙarfi yake iya kaiwa gaɓa ta huɗu daga ƙarshe, kamar DÍ-ga-me-lo (gaya mini shi), kuma da tilde koyaushe.

Bayanau masu ƙarewa da mente su kaɗai ne ke da ƙarfi biyu, na sifar da aka gina su a kai da na MEN. In sifar tana da tilde, sai ta riƙe abinta: fácilmente, rápidamente. In ba ta da shi, ba a ƙara mata: lentamente.

Mataki na bakwai: masu gaɓa ɗaya

Kalma mai gaɓa ɗaya ba ta buƙatar tilde, tunda babu zaɓi: sol, pan, fue, vio, dio. Sai wasu 'yan tagwaye da ake sa wa ɗaya don a bambanta shi da ɗan'uwansa: tú (kai) da tu (naka), él (shi) da el, mí (ni) da mi (nawa), sí (i, na amsawa) da si (idan), té (shayi) da te, sé (na sani) da se, dé da de, más (ƙari) da mas (amma). Mai karan shi ake dannawa a jimla, marar karan jingina yake da kalmar da ke gabansa. Ti ba ta da tagwaye, don haka ba ta ɗaukar tilde, ko da yake masu harshen kansu suna yawan sa mata. Kalmomin tambaya ma haka: qué, quién, cómo, dónde, cuándo suna da kara in tambaya ake yi ko mamaki.

Masu yanke waɗannan hukunce-hukunce su ne Real Academia Española, hukumar kula da harshen Sifaniyanci wadda aka kafa a Madrid a 1713, tare da takwarorinta na sauran ƙasashe, har da ta Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyar Kamaru. Littafin ƙa'idojin rubutu da suka fitar a 2010 ya cire tilde daga guion da truhan, ya kuma ce solo (kawai) da este (wannan) ba sa buƙatarsa. Marubuta da yawa sun ƙi sakin sólo, ana ta jayayya har yau. Ra'ayina ga mai koyo: ya bi sabon tsarin, kuma kada ya ɗauka kuskure ne in ya ga tsohon a littafi. Akwai kuma kalmomin da yanki ke bambantawa: vídeo da chófer a Sifaniya, video da chofer a Latin Amurka, fútbol a mafi yawan wurare, futbol a Meziko. A Ajantina kuma za ka ga hablás da tenés a maimakon hablas da tienes, wannan tsarin aikatau ne nasu.

Mataki na takwas: kalma a cikin jimla

A Hausa, kalmar da aka rubuta da wasali a farko da hamza take farawa a baki, muna ɗan tsayawa kafin mu ce "ido" ko "abinci". Sifaniyanci ba ya tsayawa. Baƙin ƙarshen kalma yana tsallakawa ya kama wasalin ta gaba: los ojos "lo-so-jos", el agua "e-la-gua", un amigo "u-na-mi-go". Wasula biyu a bakin iyaka sukan narke su zama gaɓa ɗaya: mi amigo "mia-mi-go". Wannan ne dalilin da ya sa mai koyo yake jin kamar mai sharhin wasa kalma ɗaya doguwa yake faɗa. Ƙarfin kowace kalma dai yana nan inda ka lissafa shi, iyakokin ne suka gusa.

Ga gwaji da sunayen da ka riga ka sani, yadda Sifaniyanci yake rubuta su. Nigeria: ia tagwai ne, ta ƙare da wasali, Ni-GE-ria. Níger: ta ƙare da r, da babu kara da ƙarshe za a danna, karan ya dawo da ƙarfin farko, NÍ-ger. Camerún da Sudán: sun ƙare da n, ƙarfinsu na ƙarshe, dole kara. Chad gaɓa ɗaya, babu komai. G kafin e ko i a duk waɗannan kamar خ ta Larabci ake furta ta.

Sai ka gwada murciélago, jemage, kalma mai wasulan biyar duka. Wasula a jere: ie, mai rauni da mai ƙarfi, kara a kan e, don haka ba a rabu ba. Baƙi biyu r da c ba masu mannewa ba ne, a raba su. L da g kowanne shi kaɗai, ya bi na gaba. Mur-CIÉ-la-go, gaɓa huɗu, ƙarfi a ta uku daga ƙarshe. Wajen rubutawa a waya, danna wasalin ka riƙe, zaɓuɓɓuka za su fito, ka ɗauki wanda karansa ya karkata dama.